Na'urar auna laktat ta hannu: amfaninta da iyakarta a sashen gaggawa a Tawa

Duk wanda ya taɓa ganin na'urar gwajin sukari ya riga ya san siffar wannan: ƙaramar aba ce da ke shiga aljihun riga, tana aiki da pil, ana zura mata tsinke a baki, a ɗiga jini ɗigo ɗaya, kafin minti guda ya cika lamba ta fito a fuskarta. Abin da take aunawa shi ne laktat, sinadarin da ke taruwa a jini idan gaɓoɓin jiki ba sa samun isasshen jini da iskar oksijan, ko kuma idan jiki ya shiga matsananciyar wahala. Mun daɗe muna aiki da ita a sashen gaggawa na asibitin da nake aikin jinya a nan Tawa, kuma abokan aiki na wasu asibitocin jihar sukan tambaye ni ko ta cancanci a nemi hukuma ta saya. Amsar da nake ba su ita ce ta cancanta, amma da sharaɗi guda: kada a sayo ta sai an tabbata za a riƙa samun tsinken da zai isa a auna kowane majinyaci sau biyu aƙalla. Idan sau ɗaya kawai za a auna, gara a sa kuɗin a wani abin.

Majinyatan da muka fi amfani da ita a kansu su ne masu ciwon huhu mai tsanani, wanda ake kira nimoniya, musamman waɗanda ciwon ya riga ya game jikinsu har tansiyonsu, wato ƙarfin bugun jini a jijiya, ya faɗi. Da hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari, ake fara kawo mana su daga ɓangaren Keita da Buza da Abalak, galibinsu bayan sun shafe kwanaki a gida suna tari da zazzaɓi, sun sha magungunan da aka samu a kusa, sai da numfashi ya gagara aka nemi mota. Wannan hali shi likitoci ke kira shok na sefsis. Tun shekarar 2016 aka daidaita ma'anarsa a duniya: majinyaci ne da ƙwayar cuta ta taɓa masa gaɓoɓi, aka ƙara masa ruwa isasshe amma matsakaicin tansiyonsa bai tsaya a 65 ba sai da taimakon magani irin noradrenalin, kuma laktat ɗinsa ya haura milimol 2 a lita. Waɗanda suka tsara wannan ma'anar sun nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan majinyata suna rasuwa a asibiti, alhali alƙaluman nasu daga ƙasashe masu wadatattun kayan aiki suka fito. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ce a shekarar 2017 kaɗai sefsis ya kama mutum kusan miliyan 49, ya kashe miliyan 11, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da suka fi ɗaukar nauyin.

A wajenmu hasashen wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba magana ce da ake yanke shawara a kanta cikin dare guda. Gadajen da ake iya sa wa majinyaci ido sosai ba su da yawa, injin oksijan ma haka. Tura majinyaci Yamai tafiya ce ta sama da kilomita 500, kuma wanda jininsa ya faɗi yana iya cikawa a hanya. Su kuwa dangi, kafin su tafi farmasi da ordonans, wato takardar magani, ta biyu, ko su aika gida a sayar da akuya ko ɗan maraƙi, sai babban ɗa ya ja ka gefe ya ce, “Majo, don Allah faɗa mini gaskiya, Baba zai tashi?” Duk abin da zai sa amsar ma'aikaci ta dogara kan awo maimakon kallon fuska kaɗai, abin maraba ne.

Kafin zuwan na'urar da ma'aunan lissafi muke dogara, kuma har yanzu ba mu bar su ba. Mafi shahara shi ne CURB-65, wanda likitocin Ingila suka fitar a 2003. Yana ba da maki ɗaya ga kowane ɗaya daga abubuwa biyar: ruɗewar hankali, sinadarin yuriya sama da milimol 7, numfashi 30 ko fiye a minti, tansiyon sama ƙasa da 90 ko na ƙasa 60 zuwa ƙasa, da shekaru 65 zuwa sama. A binciken asali masu maki 0 ko 1 kusan kashi 1.5 ne suka rasu, masu maki 2 kusan kashi 9, masu 3 zuwa sama kusan kashi 22. Ma'auni ne mai kyau wajen raba wanda za a sallama da wanda za a kwantar, amma yana da rauni biyu a nan. Na farko, a kan tsofaffin Turai aka gina shi, mu kuwa da yawa daga masu zuwa mana ƴan shekara 25 zuwa 40 ne, waɗanda ba za su taɓa samun makin shekaru ba ko da suna bakin mutuwa. Na biyu, wanda ya iso da shok ya riga ya kwashe makin tansiyo da na numfashi, sau da yawa har da na hankali, saboda haka kusan dukkansu rukuni ɗaya suke faɗawa, ma'aunin ba ya iya bambanta wannan da wancan. Haka qSOFA yake, wanda ke duba numfashi 22 ko fiye, tansiyon sama 100 zuwa ƙasa, da canjin hankali. Ƙa'idojin duniya na kula da sefsis na 2021 ma sun ce kada a dogara da shi kaɗai wajen tantancewa. Cikakken SOFA, mai auna gaɓoɓi shida daga maki 0 zuwa 24, ya fi su zurfi, sai dai yana neman gwaje-gwajen jini da ba kowane dare ake samun su ba, kuma a aljihun dangi suke sauka.

A wannan giɓin na'urar ta shigo. Laktat na mai lafiya ba ya kai milimol 2. Daga 2 zuwa 4 alamar gargaɗi ce. Daga 4 zuwa sama haɗari ne babba. An gwada irin wannan na'ura ta hannu a Afirka tun da daɗewa: wani bincike da aka yi a Yuganda aka buga a 2008, a kan masu sefsis waɗanda galibinsu ke ɗauke da ƙwayar sida, ya gano cewa waɗanda awonsu ya kai 4 ko fiye sun ninka sauran wajen mutuwa kusan sau bakwai. Ana iya auna laktat a ɗakin gwaji, amma akwai matsala da wanda bai yi aikin ba ba zai sani ba: ƙwayoyin jini suna ci gaba da fitar da laktat a cikin kwalba, saboda haka idan jinin ya zauna a kan teburi cikin zafi kafin a kai shi, lambar da za ta dawo ta kwalbar ce, ba ta majinyacin ba. Na'urar hannu ta kawar da wannan jinkiri gaba ɗaya, domin a bakin gado ake yin komai.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen tona asirin majinyacin da jikinsa ke ɓoye ciwo. An taɓa kawo mana wani matashi makiyayi daga arewa, da rawaninsa, yana zaune da kansa a kan gado, yana amsa gaisuwa, har yana ce wa ƙanensa ya je ya duba dabbobin da suka bari a bayan gari. Tansiyonsa na sama bai faɗi ƙasa da 100 ba, CURB-65 maki ɗaya ya ba shi, na numfashi. Abin da ya dame ni shi ne zuciyarsa da ke gudu fiye da 120 a minti, da gwiwoyinsa da suka yi sanyi alhali ƙirjinsa na ƙuna da zazzaɓi. Da muka auna, laktat ya wuce 5. Likitan da ke aikin kwana ya fasa tura shi ɗakin maza, ya bar shi kusa da mu, aka fara masa allurar antibiyotik ta seftriyazon nan take, aka sa masa oksijan da robar fitsari. Kafin tsakar dare tansiyon ya rushe, amma ya rushe ne a gaban idonmu, da jijiya biyu a buɗe da noradrenalin a shirye. Matasa masu ƙarfi haka suke, jikinsu yana riƙe tansiyo har sai ƙarfin ya ƙare baki ɗaya, kuma babu wani abu cikin kayanmu da ke hango wannan da wuri kamar wannan awon.

Duk da haka, lambar farko ba ita ce ke faɗin makomar majinyaci ba, sai ta biyu. Ƙa'idojin sefsis sun ce idan awon farko ya haura 2 a sake aunawa bayan sa'o'i kaɗan, kuma bincike da aka buga a 2010 ya ɗauki saukar kashi 10 cikin 100 a matsayin alamar cewa magani yana aiki. Abin da muke gani a kan gadajenmu ya yi daidai da wannan. Mai laktat 7 wanda ya sauko zuwa 4 bayan ruwa da antibiyotik da oksijan, ya fara fitsari, ya fara tambayar inda takalminsa yake, ya fi kwantar mini da hankali a kan mai 4 wanda bayan sa'o'i ya koma 5 duk da an yi masa komai. Na farkon jikinsa ya karɓi magani; na biyun akwai abin da ba a gano ba, ko ruwa ya taru a gefen huhu ya zama mugunya, ko antibiyotik ɗin bai dace da ƙwayar ba, ko tarin fuka ne ke ƙarƙashi, ko kuma gaɓoɓin sun riga sun gaza. Awo ɗaya tamkar tsayar da sanda ne a gulbi sau ɗaya, za ka san zurfin ruwa amma ba za ka san ko cika yake yi ko janyewa ba. Wannan ne dalilin sharaɗin tsinke biyu.

Akwai wani haɗari da ya kamata masu saye su sani, kuma daga hannun ma'aikata yake fitowa. Babbar lamba tana ingiza mutum ya yi ta rataya ledar ruwa. Ƙa'idojin duniya sun ba da shawarar mililita 30 ga kowane kilo na nauyin jiki cikin sa'o'i 3 na farko, amma inda ake da injin taya numfashi aka saba aiki da wannan. A Lusaka ta Zambiya an gwada tsarin ƙara ruwa da yawa a kan manya 209 masu sefsis da faɗuwar tansiyo, aka buga sakamakon a 2017: kashi 48 na waɗanda aka bi da su kan tsarin sun rasu a asibiti, a kan kashi 33 na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mai nimoniya huhunsa ya riga ya jiƙe, kuma idan ruwa ya yi masa yawa a inda babu injin numfashi, ruwan ne zai shaƙe shi. Mu dai mun tsaya kan ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, muna sauraren ƙirji da ƙirga numfashi bayan kowace leda, kuma idan laktat ya ƙi sauka ba ma ɗaukar hakan a matsayin umarnin a ƙara wata.

Wajen ingancin awon kansa, na'urar tana da saurin ruɗuwa idan aka yi sakaci. Gumi yana ɗauke da laktat, kuma a Tawa cikin watan Afrilu babu yatsan da ba ya gumi. Dole a wanke yatsan, a busar, a share ɗigon farko, a auna na biyu, kuma kada a matsa yatsan da ƙarfi don jini ya fito. A wajen wanda yatsunsa suka yi sanyi saboda shok, jinin yatsa kan nuna lamba sama da ta gaskiya, don haka mun fi son ɗigon da aka ɗauka daga jijiya lokacin sa allurar ruwa, kuma ba daga hannun da ake ƙara ruwan Ringer, mai ɗauke da laktat, ba. Sannan ba kowane hawan laktat ne ke nufin jini bai isa gaɓoɓi ba. Salbutamol da ake shaƙa wa mai toshewar ƙirji yana ɗaga shi, adrenalin ma haka, da metformin na masu ciwon sukari idan ƙoda ta raunana, da ciwon hanta, da jijjiga. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana ɗaga shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa laktat 5 zuwa sama cikin alamominsa, saboda haka da damina ba ma karanta lambar sai tare da gwajin maleriya. A kuma lura cewa wasu na'urorin da ke yawo a kasuwa don ƴan wasan guje-guje aka ƙera su. Kafin a saya a duba takardarta ko an yi ta don marasa lafiya, da kuma iyakar ƙarancin jinin da take jurewa, tunda da yawa daga majinyatanmu da ƙarancin jini suke zuwa.

Babban aibinta shi ne tsinken. Na'urar kanta sau ɗaya ake saye, kuma tamu ta faɗi ƙasa ba sau ɗaya ba, ta sha ƙura, har yanzu tana aiki. Tsinken kuwa ya fi na sukari tsada nesa ba kusa ba, ba a samunsa a farmasin gari sai an yi odarsa daga Yamai, kuma kowace na'ura da nata, na wata ba ya shiga bakin wata. Zafi yana lalata shi: takardar da ke cikin kwalin ta ce a ajiye shi a wuri mai sanyi, mu kuwa ɗakinmu da bazara yakan wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta. A firjin muke ajiye kwalin, mu fitar da na yini ɗaya cikin ƴar kula, kuma akwai ranakun da na'urar kanta ke ƙin yin awo da tsakar rana sai an kai ta ɗaki mai sanyi ta huce. Mai kawo mana kaya ya taɓa turo kwalaye da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, ba tare da ruwan gwajin da ake tabbatar da ingancin na'urar da shi ba, aka yi ta kai-kawo kafin a canza. Duk wanda zai sa hannu a takardar saye ya rubuta waɗannan biyu a ciki, tsawon wa'adi da ruwan gwaji.

Adalci ne kuma a ambaci abokan takararta da ba sa cin ko dala. Na farko shi ne danna yatsa: a danna cikin yatsan majinyaci na daƙiƙa 10, a saki, a ƙirga lokacin da jini zai dawo, idan ya wuce daƙiƙa 3 akwai matsala. Wani bincike da aka yi a ƙasashe biyar na Latin Amurka a kan majinyata 424, aka buga a 2019, ya kwatanta jinyar da ke bin wannan alamar da wadda ke bin laktat. Bayan kwana 28, kusan kashi 35 ne suka rasu a rukunin yatsa, kusan kashi 43 a rukunin laktat, ko da yake bambancin bai kai matsayin da masana ke ɗauka tabbatacce ba. Ana iya maimaita shi duk rabin sa'a. Sai dai a nan akwai abin da masu binciken ba su gamu da shi ba, wato lalle: matar da aka kawo bayan biki ko suna, yatsunta baƙi ƙirin har tafin hannu, babu abin da za ka gani idan ka danna, kuma dabbare-dabbaren gwiwa da littattafai ke cewa a duba ba ya fitowa sosai a baƙar fata, balle cikin hasken tocila. A irin wannan hali na'urar ke biyan kuɗinta. Na biyu shi ne lissafin raba adadin bugun zuciya a minti da lambar tansiyon sama: a mai lafiya sakamakon yana tsakanin 0.5 da 0.7, idan ya kai 1 ko ya wuce a tashi tsaye. Na uku shi ne fitsari, wanda ake son ya kai rabin mililita ga kowane kilo a sa'a. Na'urar auna oksijan ta yatsa ita ma dole ce, tare da tuna cewa wani bincike da aka yi a Amurka a 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin oksijan a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi a jikin farar fata. Idan asibiti bai mallaki wannan da injin oksijan da agogon ƙirga numfashi ba, su ya kamata ya fara saye.

Game da tambayar dangi, na'urar ta canza yadda nake amsawa amma ba ta ba ni ikon yanke hukunci ba. Kashi 40 na masu rasuwa da aka ambata a baya magana ce a kan taron mutane, ba a kan dattijon da ke kwance a gado na uku ba, kuma na ga masu babbar lamba sun koma gida da ƙafafunsu. Ba mu taɓa janye wa wani magani saboda lambarsa ba, kuma ina ganin kuskure ne babba a yi hakan. Abin da nake iya faɗi yanzu ya fi na da bayani: “Alhaji, ciwon ya yi nisa, kuma daren nan shi ne mai wuya. Mun auna jininsa, za mu sake aunawa bayan sallar isha'i. Idan ya sauka, alama ce maganin ya kama. Wanda ya kamata ya gan shi a kira shi ya zo. Sauran kuma na Allah ne.” Dangi sun fi karɓar irin wannan magana, domin ta ba su lokacin da za su jira da abin da za su jira, kuma shawarar tafiya Yamai ko zama an fi yanke ta da hankali bayan awo na biyu.

Asibitin jiha da asibitocin gundumomi masu oksijan da firjin mai aiki da likita a kusa, su ne za su ci moriyarta. Ga ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara ban ga dalilin sayenta ba, tunda mai ciwon huhu da numfashinsa ya kai 30, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko tansiyonsa ya faɗi, allurar antibiyotik ta farko da mota yake buƙata ko da me lambar za ta ce. Inda aka saya kuma, a keɓe tsinken ga masu sefsis da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a rubuta kowane awo tare da sa'ar da aka yi shi a jikin takardar majinyaci, domin wanda zai karɓi aiki da safe ya san lokacin da na gaba ya kama.